MUTUWAR OZZY, DA FAYAFAYEN DA NAKE KUNNAWA IDAN LABARAI SUKA ISHE NI

Ranar Talata 22 ga Yuli Ozzy Osbourne ya mutu a Ingila yana da shekara 76. A nan wajenmu labarin bai yi wani tashe ba, kuma ban ga laifin kowa ba: kwana tara ke nan da rasuwar Buhari, Facebook ɗin Arewa ya cika ya batse da muhawarar a yafe ko kada a yafe. Layi biyu na rubuta a kansa a ranar. Cikin 'yan tsirarun da suka tanka, wani ya ce wane ne kuma haka, wani ya ce ai mutumin nan ne mai cin jemage, wani bawan Allah kuma ya biyo ni ta akwatin saƙo da doguwar nasiha, wai bai taɓa zaton ina jin kiɗan masu bautar shaiɗan ba. Na gode masa, don na san da zuciya ɗaya ya yi. Na kuma yi alkawarin zan dawo in yi bayani a tsanake. To ga shi. Da tsawo fa, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare.

Tun kafin a je ko'ina: hukuncin kiɗa ba nawa ba ne. Malamai sun yi magana, kowa ya san abin da ya ji a zauren da yake ɗaukar karatu. Wanda ya riƙe cewa kiɗa duk haramun ne, kuma ba ya jin ko wanne, ba ni da ja da shi. Maganata da ɗan'uwan da wayarsa ke cike da waƙoƙin siyasa da na soyayya da na Indiya, amma da ya ji rugugin jita sai ya ce a'uzubillahi. Shi nake so ya san me ke cikin fayafayen nan kafin ya yanke musu hukunci.

A fara daga Birmingham, don can abin ya samo asali. Unguwar Aston, inda filin ƙwallon Aston Villa yake, a shekarun 1960 unguwar 'yan ƙwadago ce, hayaƙi da ƙarar injin buga ƙarfe dare da rana. Ka ƙaddara Kakuri ce ta Kaduna a lokacin da masaƙu ke aiki. Samari huɗu suka fito daga nan: Ozzy mai waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bas, wato mai kaurin muryar nan, da Bill Ward mai ganguna. Babu ɗan gata a cikinsu. Ozzy ya yi aiki a mahauta, ya yi a masana'antar kayan mota, ya kuma yi mako shida a kurkuku saboda sata, don mahaifinsa ya ƙi biyan tarar da aka yanka masa, ya ce gara ya ɗanɗana.

Labarin Iommi shi ne wanda ba na gajiya da bayarwa. Yana da shekara 17, a ranar da zai bar aikin masana'antar ƙarfe ya koma kiɗa gaba ɗaya, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, da hannun daman yake danne tsirkiya. Aka ce masa kiɗa ya ƙare. Sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wani makaɗin jita da gobara ta nakasa masa yatsu biyu amma bai daina ba. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya manna musu fata. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Tsirkiya kuwa in ka sassauta ta, muryarta sai ta yi ƙasa, ta yi kauri. Duk mai gurmi ya san haka. Wannan nauyin sautin da ake kira metal, wato ƙarfe, wani babban ɓangarensa daga hatsarin masana'anta ya fito. Yaron talaka ne inji ya ci wa yatsu, ya ƙi zama.

Faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970, wata guda bayan an gama yaƙin basasar Najeriya, kuma a yini ɗaya suka naɗe shi. Amma wanda nake komawa gare shi shi ne na biyu, Paranoid, na watan Satumbar wannan shekarar. In aka ce in zaɓi faifai ɗaya tak a wannan fanni, shi ne. Waƙar da ta buɗe shi, War Pigs, wato aladun yaƙi, da jiniya take farawa, irin wadda ake busa wa mutanen Birmingham lokacin da jiragen Jamus ke zubo musu bam. Abin da take cewa a taƙaice: manyan hafsoshi da 'yan siyasa su ke kitsa yaƙi, su koma gefe, 'ya'yan talakawa su ke mutuwa, kuma akwai ranar hisabi da za su nemi gafara ba su samu ba. Lokacin yaƙin Biyetnam ne. Da sunan wannan waƙa suka so kiran faifan, kamfani ya canza. Wata waƙar a ciki kuma a kan sojojin da suka dawo daga fagen daga da jarabar allurar ƙwaya take.

Yanzu don Allah a gaya min, mu da tun 2009 muke binne samarin sojoji a Maiduguri, mu da muke jin labarin kuɗin makamai da suka bi iska, mu da ƙauyukanmu na Zamfara da Katsina da Sakkwato ke biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi noma, wace kalma ce a wannan waƙa baƙuwa gare mu? Ni dai duk ranar da na wayi gari da hoton gawawwaki jere a kan tabarma, ba na iya jin waƙar da ke ce min komai lafiya lau. Kunnena yana neman sautin da nauyinsa ya kai na abin da na gani.

Shi ya sa taron bankwanan da suka yi ranar 5 ga Yuli ya taɓa ni. A Villa Park aka yi, 'yan taku kaɗan daga gidajen da suka tashi. Su huɗun na asali suka hau dandamali tare, karo na farko cikin shekara ashirin. Ozzy a zaune ya yi waƙa, don cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Kuɗin da aka tara aka ce na asibitin yara ne na Birmingham, da gidan kula da yara marasa lafiya, da masu binciken cutar da ke damunsa. Kwana goma sha bakwai bayan nan ya cika.

Sai batun shaiɗan, tunda shi ne ya kawo mu. Ba zan yi kwana-kwana ba.

Sunan Black Sabbath daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi. Sun lura mutane na bin layi su biya kuɗi don a tsorata su a silima, suka ce to mu ma bari mu yi kiɗan da zai tsorata. Kasuwa ce. Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocin, a gidan 'yan Katolika masu riƙo ya tashi, kuma a faifansu na uku, Master of Reality na 1971, akwai waƙar da kai tsaye take kare imani da Ubangiji tana ƙalubalantar masu izgili. Shaiɗan a waƙoƙinsu abin gudu ne. Alamar yatsu biyun nan da ake ɗagawa, wadda masu bidiyon tona asirin Illuminati ke zagayewa da jan layi, Ronnie James Dio ne ya yayata ta bayan ya maye gurbin Ozzy a 1979, kuma ya ce a wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gani, tana yi don kore kambun baka. Camfin tsofaffi ne, irin wanda mu ma ba mu rasa ba. Jemagen kuwa gaskiya ne: a Janairun 1982 a jihar Iowa wani ɗan kallo ya jefo shi kan dandamali, Ozzy ya ce ya zaci na roba ne ya gartsa masa cizo, ya ƙare a asibiti ana yi masa allurai.

Ba wanke shi nake yi ba. Mutumin ya yi shekaru cikin giya da ƙwaya har abokansa suka kore shi daga ƙungiyar, kuma a 1989 an kama shi bayan ya shaƙe matarsa cikin maye. Ba abin koyi ba ne, shi ma bai ce shi ne ba. Sannan akwai ɓangaren wannan kiɗa da ni ma ba na kusantarsa. A Norway a farkon shekarun 1990 wasu samari sun ɗauki wasan da gaske, suka riƙa ƙona coci-coci, ɗaya ya kashe ɗan'uwansa makaɗi a 1993 aka ɗaure shi shekara 21. Akwai masu zagin addini a fili, akwai masu wariyar launin fata. Ko a taron Villa Park ɗin an ga mawaƙin da a 2024 ya sa hannu a jikin harsashin igwa na sojan Isra'ila, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu. Gida ne babba, da na kirki da na banza. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi musu kuɗin goro. An gwada haka a Maroko a 2003, aka ɗaure samari 14 a Kasabalanka saboda baƙaƙen riguna da fayafayai, sai da jama'a suka yi ca kafin a sassauta. Bayan shekara 21, 'yan mata uku masu hijabi daga Indunusiya, Voice of Baceprot, waɗanda a makarantar Islamiyya suka haɗu, suka buga metal a bikin Glastonbury na Ingila.

Kuma ma dai yawancinku kun daɗe kuna ji ba ku sani ba. Duk wanda ya kalli kokawar WWE a gidan kallo ya ga shigowar Triple H, Motörhead ya ji. Wanda ya kalli fim ɗin Iron Man na 2008 har ƙarshe, Black Sabbath ya ji.

Faifai na biyu a wurina shi ne Master of Puppets na Metallica, 1986. Su 'yan Amurka ne, amma a Kofanhegan ta Denmak suka naɗe shi. Dubi bangonsa kawai: maƙabartar sojoji, fararen alamomin kabari jere har iya gani, kowanne da zare a ɗaure, wasu hannaye daga sama suna ja. Waƙa takwas ne, babu ta cike gurbi. Nan ne na fara gane cewa abin da kunne ke ɗauka hayaniya a jin farko, lissafi ne tsantsa. Gudun da suke yi, mutum huɗu su tsaya cak lokaci ɗaya, su sake tashi lokaci ɗaya, ba a yinsa da maye ko da wasa. Sai an ci wuya.

Waƙar da faifan ya ci sunanta, ƙwaya ce ke magana da bakinta, tana gaya wa mai shanta cewa ita ce ubangidansa, ita ke jan zarensa. Ban san wata waƙa da ta kwatanta jaraba kamarta ba. A 2018 da BBC ta fito da binciken nan na kodin, gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da sarrafa shi cikin 'yan kwanaki, muka yi ta tafi. Yau je ka bayan kowace makarantar firamare da magariba ka ga abin da ya maye gurbinsa. Akwai yaron unguwarmu da na san shi tun yana tallan ruwa, yanzu in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, hannunsa na rawa. Idan na ji tsakiyar waƙar nan, inda gudun ke lafawa jita biyu su shiga kuka a hankali kafin guguwar ta dawo, shi nake tunawa. Haka abin yake yi musu: ɗan sauƙi kaɗan, sannan ya dawo da ƙarfinsa.

A cikin faifan dai akwai ta sojan da aka tura gaba yana ɗan saurayi, aka yi amfani da shi aka yar. Akwai ta masu wa'azin talabijin na Amurka da suka mai da addini hanyar tatsar talaka. Ban kama suna ba, kowa ya duba kusa da shi. Akwai kuma Orion, minti takwas babu murya ko ɗaya, aikin mai bas ɗinsu Cliff Burton, wanda ya san kiɗan gargajiyar Turai sosai. Wata shida bayan fitowar faifan, ranar 27 ga Satumba, motarsu ta kife a Suwidin ya mutu yana da shekara 24. A ganina ba su sake yin kamarsa ba. Na san masoya baƙin faifan nan na 1991 za su taso min, bismillah, ina nan.

Wasu zan wuce su da sauri. Hybrid Theory na Linkin Park, 2000, shi ne ƙofar da yawancin tsararrakina suka shigo ta ciki, daga wayar aboki zuwa ta aboki. Yanzu ba na yawan kunna shi, amma ba na raina shi. Chester Bennington ya yi shekaru yana faɗa mana a waƙa cewa akwai abin da ke cin sa a ciki, muna rawa, sai a Yulin 2017 ya kashe kansa. Mu da har yau in mutum ya ce damuwa ta yi masa yawa sai mu ce ƙarancin tawakkali ne, akwai abin dubawa a nan. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, wannan na dare ne, bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit. Led Zeppelin da Iron Maiden ina girmama su, amma ƙauna daban, girmamawa daban.

Na ranar fushi kuwa shi ne faifan farko na Rage Against the Machine, Nuwamban 1992. A bangonsa hoton malamin addinin Buddha ne da ya cinna wa kansa wuta a Saigon a 1963 don nuna adawa da gwamnati. Ya fito 'yan watanni bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka yi wa Rodney King dukan kawo wuƙa, birnin Los Angeles ya kama da wuta. Mai jitarsu Tom Morello ɗan wani jami'in diflomasiyyar Kenya ne, kuma shi ya tsara taron bankwanan Ozzy. Ranar 1 ga Nuwamban 2024, da aka gurfanar da yaran nan na zanga-zangar yunwa a kotun Abuja, ƙasusuwansu a waje, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali, wannan faifan na kunna. Bai gyara komai ba. Amma ya fi min in zauna ina haɗiyar abin.

Kusa da shi akwai Toxicity na System of a Down, wanda ya fito mako guda kafin harin 11 ga Satumban 2001. Su huɗun duk 'yan asalin Armeniya ne, zuriyar waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin 1915, kuma sun yi shekaru suna matsa wa Amurka ta kira abin da sunansa, sai a 2021 ta yi. Ga Bahaushe wannan ya fi sauran sauƙin shiga, don mai waƙar, Serj Tankian, haifaffen Bairut ne, kuma karin muryarsa na gabas ne. Kunnen da ya saba da waƙar Larabawa da ta Indiya zai ji wani abu da ya sani a tsakiyar rugugin.

Akwai faifan da kullum yake sa ni kishi: Roots na Sepultura, 1996. 'Yan Brazil ne, sun gaji da kwaikwayon Turawa, suka tafi daji wurin ƙabilar Xavante suka yi naɗi tare da su, suka cusa gangunan da bayi suka kai Brazil daga Afirka a cikin metal. Duk lokacin da na ji sai in ce ina namu? Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ana kiɗa wa ɗan wasa takensa har tsigar jikinsa ta tashi, ko ya ga 'yan tauri sun ji kiɗa sun fita hayyacinsu, ya san cewa abin da samarin Turai ke nema in suna karo da juna a gaban dandamali, muna da shi tun kaka da kakanni. Kukuma a hannun gwani kuka take kamar jitar lantarki. Kuma abin dariya, goge ma an daɗe ana ce masa kayan bori da bariki. Ashe zargin ma ba sabo ba ne.

Ba wai ƙasar nan ba ta taɓa yin rok ba. Bayan yaƙin basasa an yi The Funkees a gabas, an yi BLO a Legas, an yi Ofege, 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory's da suka fitar da Try and Love a 1973, shekarar da Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi Band on the Run. Abin ya yi tashe ya mutu. Amma bai mutu a ko'ina ba, arewa da mu ya koma, kuma nan ne zan daɗe.

Idan ka tambaye ni wa ya fi kowa iya jitar rok a cikin masu rai da ke ganiyarsu yau, ba Ba'amurke zan ce maka ba. Mdou Moctar zan ce, Ba'abzine daga yankin Abalak a Nijar. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Gidansu na malamai ne, ba a yarda da kiɗa ba, sai ya sassaƙa jitarsa da katako, ya ɗaura mata wayar birkin keke. Shi ma bahago ne kamar Iommi. Kuma ga abin da 'yan Arewa ƙalilan suka sani: faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kanti aka kai shi ba, ta katin waya da bulutut ya bazu a Sahara, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin wayoyin mutane ya ji, ya yi ta cigiyarsa sai da ya same shi. Wato hanyar da ta kai shi manyan dandamalin duniya ta Sakkwato ta bi. Mu kuwa ko sunansa ba mu riƙe ba.

A can jita ba kayan nishaɗi kaɗai ba ce. Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen yana yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Mali na 1963, a gudun hijira ƙungiyar ta ginu, kuma sun ci kyautar Grammy a 2012. A wannan shekarar ce masu iƙirarin jihadi suka haramta kiɗa a arewacin Mali, wasu samari suka gudu Bamako suka kafa Songhoy Blues. Bombino na Agadas ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso lokacin tawayen 2007 bayan an kashe abokan kiɗansa biyu. Mawaƙan Turai da yawa suna waƙar yaƙi ne daga abin da suka karanta. Waɗannan a ƙofar gidansu aka yi.

Fayafayen Mdou biyu nake nufi: Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na Mayun 2024, wato jana'izar adalci. Da Tamashek yake yawancin waƙarsa. Yana magana a kan Faransa da abin da ta kwasa, a kan shugabannin Afirka da suka bari, a kan harshensu da yara ke yarwa su ɗauki na Turawa. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya wa duk Bahaushen da 'ya'yansa ke amsa masa da Turanci a rai. An yi sama da shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haskaka biranen Faransa, Nijar kuwa ta daɗe tana sayen yawancin wutarta daga Najeriya, mu da kanmu ba ta ishe mu ba. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, mu ne ma muka yanke musu wutar. A lokacin Mdou da yaransa suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can, sai da masoya suka yi musu karo-karo. An riga an gama naɗar Funeral for Justice kafin juyin mulkin, amma in ka ji shi sai ka rantse bayansa aka yi. Matsayinsa kuma ya burge ni, don bai bi ɗoki ba: ya ce ba ya goyon bayan juyin mulki, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba, ba tare da ya tsani Faransawa ba. A Facebook ɗinmu na lokacin, in ka faɗi haka ɓangarorin biyu za su haɗu su yi maka rubdugu.

Amma ba don siyasar kaɗai nake jin sa ba. Kiɗan ne. Ba ya amfani da ɗan maɓallin roban nan da makaɗan Turai ke kaɗa tsirkiya da shi, yatsa yake sa wa. Ƙarƙashin duk rugugin, kiɗan bikin aure ne na Agadas, da tafi da amshi, mai jita na biyu yana riƙe da zare ɗaya ba ya saki, mai ganguna yana ƙara wuta kaɗan-kaɗan har ka rasa lokacin da tafiyar raƙumi ta koma sukuwa. Abin da Sepultura suka shiga daji nema, shi a cikinsa aka haife shi. Ya buga a Coachella a 2024. A Kano kuwa, in ka cire 'yan Nijar mazauna Fagge da 'yan tsirarun da suka bi ta intanet, ka yi tambaya a majalisa ka gani.

Ga wanda ya kai nan da karatu kuma yake son gwadawa, kada ka fara da Metallica, za ka gudu. Fara da waƙar Afrique Victime ɗin kanta, minti bakwai ce da 'yan kai. Kada ka ji ta a lasifikar waya, za ta zame maka ƙarar injin markaɗe. Nemi abin sawa a kunne mai kyau, ko ka ari na ƙaninka. Farkonta a hankali take tafiya, har za ka ce ina hayaniyar da ake faɗa. Ka dai jira mai gangunan ya fara sauri.